Na Fito Dishi-dishi a Bikin Ƙanena

Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji daga wajena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto, "Ragna, ko dai an sa miki zobe ne kika manta da mu?" 'Yar'uwa, nemi wuri ki zauna tukuna. Zoben ya zo, na gan shi da idona. Amma bari in ɗauko miki zancen daga tushe, don yanzu haka da nake rubutun nan gashina warin masoro yake yi, na wanke na sake wankewa ya ƙi fita.

Ga waɗanda yau suka fara zuwa shafin nan: sunana Ragna, a Viborg nake zaune, a wani ɗan gida da ke saman shagon mai gyaran keke. Sana'ata fim ɗin biki. Ni da saurayina Esben muke yi, shekara biyar ke nan. Shi ke riƙe babbar kyamara, ni ta biyu, in an watse kuma ni ke zama in tace, in yanke nan in jona can, in sa kiɗa, har amarya ta kalla ta fashe da kuka ta ce ita ba ta san ta kai haka kyau ba. Da auren mutane muke ci, namu kuwa shiru kake ji.

A wajenmu in kika kai ashirin da biyar ba aure, da garin kirfa za a yi miki wanka. Wannan na sha shi, a ɗaure jikin falwaya, ƙawayena na dariya har da riƙe ciki. In kika kai talatin kuwa, masoro ne. To ni ranar Lahadin da ta wuce na cika talatin, Mor kuma, mahaifiyata, tun farkon bazara ta ɗaura ɗamarar tuna mini.

"Ƙanenki Jeppe ya samo durom uku a garejinsu," ta rubuto mini, da 'yan fuskokin dariya a jere. "Wai abin niƙa masoro zai haɗa miki wanda ya fi rumbun ubanki tsawo. Ki ce wa Esben ya cece ki."

Na kira ta. "Mor, ba a tambayar namiji irin wannan."

"Wa ya ce? Ni na tambayi ubanki. Da jiransa na yi, da har yau yana cikin shanu yana tunani."

"Mu ba mu yi sauri ba."

"Sauri? Shekara biyar, Ragna! Ƙanenki ya ga yarinya bara, bana zai aure ta. Shi Esben ɗin me yake jira, a aiko masa da takarda daga majalisa?"

Na yi dariya, amma can cikin raina tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum.

Bari in ba ku labarin hannun Esben, don in ba ku san wannan ba, ba za ku gane abin da ya same ni ba. A wuyan gilashin kyamara akwai wani abu kamar awarwaro, shi ake murzawa a zaɓi wanda zai fito tar a hoto. Duk wanda ke gabansa ko bayansa sai ya narke, ya zama dishi-dishi. Shi ne abin da ke sa fim ɗin biki ya yi kama da na silima: amarya ta fito ita kaɗai, jama'a su koma hazo mai launi a bayanta. Kyamarorin yanzu da kansu suke wannan aikin, su nemo fuska su kama. Esben ya tsani haka. Duk kyamarar da ya saya, abin da yake fara kashewa ke nan tun kafin ya jefar da kwalinta.

"Inji bai san wa ake so ba," haka yake cewa. "Fuskar da ta fi kusa kawai yake kamawa. Hannuna ne ya sani."

Da wannan hannun ya same ni. A bikin wata ƙawata ne, ni 'yar gayya, shi mai ɗauka, dogo siriri mai jan gemu, baƙar riga, baƙin wando, da takalmi mai taushi don kada a ji tafiyarsa a coci. Ko magana ba mu yi ba. Bayan 'yan makonni sai ga ɗan guntun bidiyo a wayata. Amarya ce a gaba tana yanka kek, sai a hankali ta narke, can baya kuma sai ga ni cikin koriyar riga, tar, ina lasar kirim a babban yatsana kamar wadda ba a taɓa ba ta abinci ba. A ƙasa ya rubuta, "Ki yi haƙuri. Hannuna ne ya je inda yake so."

Jama'a, na kalli abin nan har cajin wayata ya ƙare. Ku faɗa mini gaskiya, wace ce ba za ta faɗa ba?

To, a ƙarshen bazarar nan aka yi bikin ƙanena Jeppe da amaryarsa Tilde, a farar cocin ƙauyenmu. Mu muka ɗauka, kyautarmu ke nan gare su. Esben ya zuba basira kamar ba gobe. Ya tashi ɗan jirgin ɗaukar hoto ya bi motar amarya ta saman gonakin sha'ir. Ya ɗora kyamara a mariƙin nan da ke hana ta rawa, yana tafiya da baya, gwiwa a lanƙwashe, a gaban ango da amarya tun daga bakin coci har titi. Ya ɓoye ɗan makirfo a cikin kwat ɗin Jeppe don a ji rawar muryarsa. Ya hana su zama cin abinci sai da rana ta yi ƙasa ta zama ruwan zuma, ya ja su bayan zauren taro ya ɗauke su hasken na ratsa mayafin Tilde. Mor na ta mita naman zai huce, shi ko a jikinsa.

Ni ranar 'yar'uwar ango ce kuma ma'aikaciya. Doguwar riga na sa, shuɗiya mai duhu, na sa tela ya buɗa mini aljihu biyu a gefe don batura. Takalmina kuwa shimfiɗaɗɗe, ba mai ɗaukar hoto da tsini. Autarmu Asta ita ce ta yi kwalliyar gaske. Karatun jinya take a Aarhus, ta zo hutu, kuma duk bazarar ita ke raka Esben ɗaukar jakunkuna da riƙe faifan haske, saboda wuyan hannuna da ya yi ciwo. Ranar dai hutu muka ba ta. Ta sa riga ruwan ƙwai mai buɗaɗɗen wuya, ta saki gashinta, ni da kaina na soka mata farar fure a bayan kunne, na ce, "Yau sai kin samo mana wani." Ta ce, "Ke ki fara sallamar naki."

Da aka zo waƙoƙin dangi, ni na rubuta ta Jeppe. An raba wa kowa takarda, na kafa kyamarata a kan ƙafafunta uku can kusurwa ta ɗauki zauren gaba ɗaya, na miƙe na ja baki. Esben ya zo ya durƙusa tsakanin tebura, kyamararsa na kallona. Akwai baitin da na saka da gangan, na wasu mutane da za su yi ta ɗaukar auren jama'a har furfura ta cim musu. Zauren ya ɗauka da shewa, ana nuna shi da cokula, Far, mahaifina, har da buga tebur. Ni kuma na dubi cikin gilashin nan kai tsaye, na yi masa murmushin da shi kaɗai nake yi wa. A raina na ce, wannan hoton zan ajiye wa 'ya'yanmu.

Ranar Talatar makon jiya na zo kansa a tacewa. Da safe ne, ana ruwa, na ja baƙin labulen ɗakin aiki, na ajiye kofina a gefen kwamfuta, na sa abin jin sauti a kunne. Na riga na gama coci, na gama hotunan la'asar, duk sun yi kyau har suna sa mutum kishi. Na buɗe na waƙa ina murmushi tun kafin ya fara.

Sai ga ni a tsakiyar allo, dishi-dishi. Shuɗin abu kawai mai motsi, ba ido ba hanci, muryata ce kaɗai ke fita tsaf.

Wallahi dariya na fara yi. Na ce, yau na kama gwani! Har na ɗauki waya zan tura masa in tsokane shi, na rubuta "Malam mai hannu," sai yatsana ya tsaya. Don in wani ya narke, to wani ne ya fito. Na ɗaga ido na duba bayan kafaɗata.

Asta ce. Tana zaune a teburin bayana, tar, kowane silin gashinta a ware, farar furen nan da na soka mata har jijiyoyin ganyenta ana gani.

Na ce wa kaina, Ragna, kada ki zama mahaukaciya, hannu ne, yana iya zamewa. Na ci gaba da kallo. Asta ta jingina baya tana dariya, saitin ya bi ta. Ta sunkuyo gaba za ta ɗauki kofi, ya biyo ta. Ta juya tana yi wa ta kusa da ita raɗa, yana nan a kan kuncinta. Ku da ba ku san aikin ba, bari in gaya muku: gilashin da Esben ya sa ranar, in mutum ya motsa da faɗin tafin hannu ya fita daga saiti. Kafin ka riƙe mai motsi haka, sai yatsunka sun bi numfashinsa. Kuskure ba ya bin mutum gaba da baya.

Irin waɗannan wuraren da hotuna masu yawa a kowace daƙiƙa yake ɗaukarsu, don in an rage gudu su tafi sumul. Na rage gudun. Ina ma ban rage ba. A daidai baitin furfura, lokacin da nake zuba masa murmushina, Asta ta ɗago ido ta dubi cikin gilashin. Dariyarta ta mutu a hankali. Sai ta girgiza kai, kaɗan, kaɗan ƙwarai, wanda a gudun gaskiya ko kana kusa da ita ba za ka gani ba. Sannan ne ya dawo da saitin kaina, ana tafi, ina sunkuyawa ina godiya kamar wata sakara.

Na cire abin kunnen na ajiye. Ruwa na ta sauka a kan rufi, mai gyaran keke na buga wani ƙarfe a ƙasa. Ban yi kuka ba a lokacin, sanyi kawai na ji ya shige ni tun daga tafin ƙafa.

Daga nan na zama 'yar sanda. Na buɗe na rawar ango da amarya: ana tsakiyar da'ira ana matso su da tafi, sai ga su sun narke na ɗan numfashi biyu, rigar ruwan ƙwai ta fito. Na buɗe inda abokan Jeppe suka ɗaga shi sama suna yanke masa bakin safa da almakashi, kamar yadda ake yi wa kowane ango a wajenmu: nan ma haka. Na koma bukukuwan da muka yi tun farkon bazara, inda Asta ke sanye da baƙaƙen kaya tana riƙe da faifan haske a gefe. A wutsiyar kusan kowane hoto, bayan amarya ta gama juyinta, kyamarar sai ta ɗan zame gefe ta same ta. Tana share zufa. Tana cizon leɓe. Tana kallon sama ko za a yi ruwa. Wutsiyoyin nan ni nake yanke su in zubar, ko kallonsu ba na yi, don an saba ba komai a cikinsu sai ƙasa da takalma. Ashe duk bazarar nan da hannuna nake share masa sawu.

Da rana sai ga shi ya shigo, da ledar burodi mai kirfa daga shagon da nake so, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Kafin ya ƙaraso na mayar da allon kan gonakin sha'ir.

"Kai, dubi wannan," ya ce, ya dafa kujerata. "Iska ta so ta kayar mini da jirgin a nan. Ya aikin?"

"Yana tafiya. Esben, in tambaye ka mana."

"Ina ji."

"Hannunka ya taɓa kuskure saiti?"

Ya yi dariya yana ɓare burodin. "Ni? Rabona da wannan tun ina ɗan koyo."

"Ko sau ɗaya? Ko a gajiye?"

"Ragna, ke ma kin sani. In kin ga mutum ya fito tar a hotona, ni na so ya fito."

"Haka ne," na ce. "Na sani."

Ya miƙo mini rabin burodin, na karɓa, na tauna, ban ji ɗanɗanon komai ba. Ya yi ta zuba a kan wani sabon gilashi da yake son saya, ina gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona mini rai, jama'a, ba ƙarya ya yi mini ba. Gaskiya ya faɗa, da fara'arsa, bakinsa cike da burodi.

Bai daɗe da fita ba Mor ta kira. Mor ba ta iya riƙe sirri ba, ko kyautar Kirsimeti tun watan Nuwamba kowa ya san tasa.

"Ni dai ban ce miki komai ba," ta fara, muryarta na rawa don murna. "Amma ranar Lahadi ki sa rigar kirki. Kuma ki gyara farcenki, kada ki zo mini da hannu kamar na makaniki."

"Mor, me ya faru?"

"Ba komai! Wani dai ya zo jiya ya sha kofi da ubanki. Ya kuma tafi da wani ɗan akwati daga durowar Mormor. Ban ce komai ba, kin ji?"

Zoben kakata. Na zinariya, siriri, mai ɗan jan dutse, wanda tun ina yarinya nake satar gwadawa a babban yatsa. Shekara biyar ina jiran wannan wayar. Da a watan jiya ta zo, da na yi ihu har mai keke ya hau sama ya ga ko lafiya. Na ce, "To, Mor," na kashe, na zauna a ƙasan ɗakin aiki tsakanin jakunkunan kyamara, a nan ne kukan ya zo. Na gane abin da yake yi. Gudu yake, kuma ni ce ƙofar da yake so ya rufe a bayansa.

Na rubuta wa Asta saƙo ya fi a ƙirga ina gogewa. "Tun yaushe?" Na goge. "Me na yi miki?" Na goge. Girgiza kan nan ya hana ni sakat. A'a take nufi, ko kuwa ba a nan ba? Ina cikin haka nata ya shigo: "Wataƙila ba zan samu zuwa ran Lahadi ba, an sa ni aiki a asibiti." Ba wasa, ba "tsohuwa" da ta saba kirana. Na san Mor ba za ta bari ba, kuma ba ta bari ɗin ba.

Sauran kwanakin na yi aikina. Jeppe da Tilde ba su yi mini laifi ba, don haka na wanke musu fim ɗinsu tas, duk inda rigar ruwan ƙwai ta saci wuri na cire, na gyara launi ya yi ɗumi, na jera muryar Jeppe a kan hoton gonaki. Saura wurin waƙa. Ina da mafita, ga hoton kyamarata ta kusurwa, inda na fito ƙanƙanuwa can nesa amma dai ana gane ni ce. Na sa shi. Na cire. Na sake sawa. A ƙarshe na mayar da na Esben, na bar shi da gudun a rage, yadda na gan shi.

Ranar Lahadi tun daga kwanar gidanmu na hango abin. Durom uku a kan juna, an yi musu walda, an shafa baƙin fenti, ga hannun murzawa a sama, ga sunana da manyan haruffa farare da lamba talatin. An kafa tuta a tsakar gida, kamar yadda muke yi a duk ranar murna. Jeppe na tsaye a gindinsa yana washe baki.

"Barka da tsufa! Kin ga aikin ƙanenki?"

"Da ka sa rabin wannan ƙoƙarin a makaranta, da yanzu kai likita ne."

"Ki yi ta baki. Saura ki ga na cikin gida, cike yake taf."

Na sa rigar kirkin, ja mai dogon hannu, na kuma gyara farcen. Mor ta kama hannuna ta duba, ta kashe mini ido. An cika tebur: baƙar gurasa, kifi mai tsami da albasa, ƙwai, ƙananan dankali, ga kek mai hawa-hawa an soka masa 'yan tutoci. Esben ya sa farar riga, abin da ban taɓa gani ba in ba a jana'iza ba, yana ta taɓa aljihunsa. Asta ta zo a makare, cikin tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka, gashi a ɗaure tamau. Ta rungume ni da gefe ɗaya ta ce barka, ta zaɓi kujerar da ta fi nisa da shi. Ko sau ɗaya ba su kalli juna ba. Mutanen da suka yi bazara guda a mota ɗaya!

Bayan kek Far ya rataya farin zanen gado a bango, aka ja labule, na kunna majigi. Tilde ta fara hawaye tun daga gonakin sha'ir. Jeppe na cewa, "Kai, ashe haka nake da kyau?" Mor na ta nuna mutane tana faɗin wa ya yi ƙiba. Ni kuwa ina tsaye a baya, hannuna a kan majigin, ina jin zafinsa.

Sai muryata ta cika falon. Ga shuɗin abu a tsakiya, ga Asta a bayansa, girmanta ya kai rabin bango. Ta jingina, ta sunkuyo, ta ɗago ido. Ta girgiza kai a hankali a gaban kowa.

"A'a!" in ji Mor. "Esben, ina 'yata? Wannan ai kamar na cire tabarau ne."

Far ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau gwani ya faɗi."

"A kafa wata tutar!" in ji Jeppe. "Mai hannun zinariya ya yi kuskure!"

Na tsayar da hoton a kan fuskarta. Na ce, "Kuskure ne, Esben?"

Hasken majigin na kan rabin fuskarsa. Ya dubi bango, ya dubi hannuwansa a kan cinyarsa.

"Hannuna ne ya zame," ya ce.

Wannan ce ƙaryar farko da ya taɓa yi mini, kuma a kan abin da ya fi alfahari da shi a duniya ya yi ta. Asta ta miƙe ta ce bari ta duba kofi, ta shige kicin ta ja ƙofa. Na saki fim ɗin ya ƙarasa. Aka yi tafi, Tilde ta rungume ni tana cewa ba ta san yadda za ta gode ba, aka buɗe labule.

Mor ta kasa haƙuri. Ta zunguri Far, ta yi gyaran murya har sau biyu, sannan ta ce, "To, Esben, ko akwai mai wata magana kafin Jeppe ya ɗauko masoronsa?"

Na ɗauka zai fasa. Wallahi da ya fasa, da na ɗan ga girmansa. Amma ya tashi, fuskarsa fari fat, ya zo gabana ya sa gwiwa a kan dardumar Mor, ya buɗe akwatin. Ga ɗan jan dutsen nan. Tilde ta toshe baki, Jeppe ya zaro waya zai ɗauka.

"Ragna," ya ce, "na san na daɗe. Ke ce kika..."

Ƙofar kicin ta yi ƙara. Idonsa ya tafi can ya dawo, ƙiftawa ɗaya. Wannan karon ban buƙaci rage gudu ba.

"Tashi, Esben," na ce. "Za ka ɓata gwiwar wandonka."

Na miƙa hannu kan tebur na ɗauki abin niƙa masoron, dogon nan na katako da Jeppe ya cika taf, na danƙa wa ƙanen nawa. "Zo ka yi aikinka."

"Ragna!" Mor ta dafe ƙirji. "Kin haukace ne? Mutum na durƙushe!"

"Ai na ce ya tashi."

Na fita tsakar gida na tsaya a gindin duromomin, ƙarƙashin sunana. Suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Far ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona irin kallon da yake yi wa sama in zai yanke ciyawa. Esben bai fito ba. Ta bayan gida na ji an tayar da ƙaramar motar Asta, ta bi hanyar gona.

Jeppe ya matso, dariyar ta bar fuskarsa. Ya yi ƙasa da murya. "Ragna, wasa fa nake yi. Me ke faruwa?"

"Na cika talatin, ba ni da miji. Ba haka ake yi ba? Murza."

Ya ɗaga hannu sama da kaina ya murza. Masoron ya zubo mini a gashi, a gira, a kan jar rigar kirki. Na yi atishawa, idanuna suka kama wuta, hawaye suka ɓalle, na bar su. Na ji Tilde na ce wa Mor, "Masoron ne, ya shiga mata ido." Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri.

Wayata ta yi motsi a hannuna. Na share ido da bayan hannu, na duba da ƙyar, rubutun na rawa a cikin ruwa. Asta ce.

"Duk bazarar nan a'a nake ce masa, Ragna, na rantse miki. Amma ba don ba na son sa ba."

Jeppe ya sauke hannunsa ya ce, "Ya isa haka, ko?"

Na kife wayar a ƙirjina, na ce masa, "Ƙara."